Daga Ofishin Kula da Ma'aikata Zuwa Aikin Lauya: Matakan da Za Ka Bi

Tun da na bar sashen kula da ma'aikata na koma aikin lauya, tambaya ɗaya tsofaffin abokan aiki ke ta jefo mini: ta ina ake farawa? Wani ya shekara goma yana ɗaukar ma'aikata yana sallama, wata ta gaji da lissafin hutu da ƙarin girma, kowa na son ya ji ko lokaci bai ƙure masa ba. Bai ƙure ba, gemu ba ya hana ilimi. Sai dai tafiyar mai iyali da albashi daban take da ta ɗan shekara 18. Waɗanda na ga sun yi asara, jerin matakan suka birkita: wani ya biya kuɗin makaranta bai tambayi mai ba da lasisi ba, wani ya ajiye aiki bai ga takardar gurbi ba. Ga yadda ya kamata a jera su.

1. Tantance abin da kake nema

Ni wata takardar sallama ce ta tura ni. Na rubuta ta ga wani direba da ya yi kwana tara bai leƙo aiki ba, na ji a raina na yi daidai. Bayan 'yan watanni ya kai ƙara. Lauyar kamfanin ta zo ofishina, ta buɗe fayil ɗinsa tana juya takardu ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ɗago ta ce, "Ina takardar tuhumar da kuka ba shi? Ina amsar da ya bayar?" Babu ko ɗaya. Ta rufe fayil ta ce mu nemi sulhu.

Kusan kowane jami'in kula da ma'aikata yana da irin wannan rana, amma ba kowa ne maganinsa zama lauya ba. In abin da kake so shi ne ka daina irin kuskurena, difloma ko kwas na 'yan watanni a kan dokar ƙwadago ya ishe ka, ka ci gaba da aikinka da albashinka. Lasisi na wanda ke son ya zama lauyan kamfani ne, ko ya ba mutane shawarar shari'a da sunansa, ko ya tsaya gaban alƙali.

Ga gwajin da ba ya cin kuɗi. Ka ɗauki hutun kwana uku ka je kotun da ke sauraron ƙararrakin ma'aikata, ka zauna a bencin baya tun daga buɗewa har tashi. Za ka ga lauya ya jira awa uku don a ɗage shari'arsa cikin minti biyu. Sannan ka nemi lauyan da bai wuce shekara biyu da fara aiki ba, ka tambaye shi ƙarfe nawa yake komawa gida, kuma awa nawa yake yi a kan takarda a rana. Babban lauya zai ba ka labarin nasarori ne kawai; ƙaramin shi ya san rayuwar da za ka shiga.

Hattara: in shugabanka ne ya ishe ka, canjin wurin aiki kake buƙata. Kada ka sayi shekara biyar na karatu don gudun mutum ɗaya.

2. Fara daga mai ba da lasisi, ka dawo baya

A nan aka fi faɗuwa, don haka zan daɗe a kai. Kafin ka duba sunan kowace jami'a, ka yanke ƙasar da za ka yi aiki a cikinta, domin galibi lasisin lauya ba ya ƙetare iyaka da kansa. Daga nan ka nemo hukumar da ke da ikon cewa wane ya zama lauya a can, ka karanta sharuɗɗanta na bana daga shafinta, ka ajiye tallan makarantu gefe. Hanyoyin sun sha bamban ƙwarai.

A Najeriya sai da digirin shari'a, wato LLB. Mai farawa daga aji ɗaya shekara 5 zai yi. Kai da ke da digiri kana iya neman shiga kai tsaye ta hannun JAMB, ka fara daga aji biyu, ka yi shekara 4. Bayan nan sai shekara guda a Makarantar Horas da Lauyoyi, mai hedikwata a Bwari da ke Abuja da rassa a Legas, Inugu, Kano, Yola, Yenagoa da Fatakwal. Majalisar Kula da Ilimin Shari'a ce ke tantance jami'o'i, ita ke yanke wa kowace adadin ɗaliban da za ta ɗauka, kuma digirin cikakken lokaci take karɓa.

A Ingila da Wales, tun 2021 hukumar SRA mai kula da lauyoyi ta buɗe hanyar jarrabawar cancanta ta SQE ga mai son zama solisita, wato lauyan da ya fi aikin ba da shawara da shirya takardu. Digiri a kowane fanni ya wadatar. Za ka ci SQE1, tambayoyin zaɓi 360 da aka raba gida biyu, sannan SQE2, gwaji 16 na aiki a aikace, wasu a rubuce wasu da baki. Sai kuma shekara 2 na aikin shari'a, a wuraren da ba su wuce 4 ba. Barista kuwa, lauyan da ya fi tsayawa gaban alƙali, hanyarsa daban ce.

A Amurka shari'a karatun bayan digiri ne. Ana yin digirin shari'a na JD cikin shekara 3, ko 4 a ajin yamma, abin da ke ba mai aiki damar riƙe aikinsa. Kowace jiha da tsarin lasisinta, kuma yawancinsu suna buƙatar makarantar da ƙungiyar lauyoyi ta ABA ta amince da ita.

A ƙasashen da ke bin tsarin Faransa, ciki har da Nijar, ana karanta shari'a har matakin mastas, a ci jarrabawar cancantar aikin lauya da ake kira CAPA, a kuma yi zaman horo a ofishin lauya.

Ka ga ke nan, digirinka na farko da zai ɗauke maka shekara ɗaya kacal a wata ƙasa, a wata shi ne duk abin da ake nema kafin jarrabawa. Ka rubuta wa hukumar tambayoyi huɗu, ka adana amsar a rubuce: Shin digirina na yanzu yana da amfani a wurinku? Kuna karɓar karatun yamma, na ƙarshen mako ko na intanet? Wannan makarantar tana cikin jerinku na bana? Sau nawa ake barin mutum ya maimaita jarrabawa?

Hattara da digiri na biyu a shari'a, wato LLM. Sunan na da daɗi, shekara ɗaya ne, wasu jami'o'in ma suna ɗaukar wanda bai karanta shari'a ba. Amma shi kaɗai ba ya mayar da mutum lauya. Na san wanda ya gama, ya ɗauki hoto da riga da hula, sannan ya tarar ƙofar lasisi a rufe. Haka nan takardun ƙwarewarka na kula da ma'aikata, CIPM ne ko CIPD ko SHRM, ba sa tsayawa a madadin karatun shari'a. Inda kuma ake ƙayyade adadin ɗalibai, ka tambayi jami'ar ko akwai waɗanda suka gama amma har yanzu suna layin jiran shiga makarantar lauyoyi. In akwai, kai ma layin za ka bi.

3. Haɗa takardu tun yanzu

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka nemi cikakken sakamakon karatunka daga tsohuwar jami'arka watanni kafin a buɗe neman gurbi, don fito da fayil ɗin wanda ya gama shekara goma sha da suka wuce yakan ɗauki lokaci. Ka duba sakamakon sakandare ma: jami'o'in Najeriya da yawa suna neman kiredit a darasin adabin Ingilishi ga mai neman shari'a, kuma digirinka ba lallai ya yafe maka shi ba. In babu, ka cire girman kai ka zauna jarrabawar.

Sannan ka jera duk takardunka a kan tebur ka gwada sunayen da ranar haihuwa. Harafi ɗaya da ya bambanta, ko sunan da ya canza bayan aure, sai an gyara shi da takardar rantsuwa ko abin da hukumar ta tanada. Kai da ka sha mayar da takardun sababbin ma'aikata a kan irin wannan, ka san yadda abin yake.

4. Lissafin kuɗi

Mutane kan lissafa kuɗin makaranta su tsaya. Kashi huɗu ne. Na farko kuɗin makaranta da littattafai da kwamfuta. Na biyu kuɗin jarrabawa: rajista, kwas na share fage, maimaici in an faɗi, kuɗin rantsarwa da kayan sawa na kotu inda ake buƙata, da kuɗin sabunta lasisi kowace shekara. Na uku, wanda ya fi duka nauyi, albashin da za ka rasa. In hanyarka shekara 5 ce ta cikakken lokaci, albashin wata 60 ke nan, har da kason fansho da wurin aiki ke zuba maka da inshorar lafiyar iyali. Na huɗu giɓin da ke bayan lasisi: za ka fita a matsayin manaja, ka dawo a matsayin ƙaramin lauya, albashinka na farko zai iya gaza wanda ka bari.

Ka rubuta wannan shekara-shekara a takarda ɗaya, gefe guda abin da zai fita, gefe guda inda zai fito. Ka ƙara shekara ɗaya a kan lissafin saboda rashin lafiya, ko jinkirin makaranta, ko faɗuwa jarrabawa. Ra'ayina shi ne kada ka motsa sai ka ajiye kuɗin cefane da haya da makarantar yara na aƙalla shekara guda, daban da kuɗin karatun.

Hattara da bashi. In dole ne, ka auna biyansa da albashin ƙaramin lauya. Wanda ya auna da kuɗin manyan lauyoyin da yake gani a talabijin zai sha mamaki.

5. Gida da wurin aiki

Ka zauna da iyali ka nuna musu takardar lissafin nan, lamba da lamba. Wanda zai riƙe gida yayin da kake ɗakin karatu yana da haƙƙin sanin shekara nawa ne. Ke kuma mai yara ƙanana, ki tsara wanda zai riƙe su a makonnin jarrabawa tun kafin zango ya fara, ki samu mutum na biyu in na farko ya gaza.

A wurin aiki kana da abin da sauran ma'aikata ba su da shi: ka san littafin ƙa'idojin ma'aikata ciki da bai, wataƙila ma kai ka rubuta shi. Ka duba hutun ƙaro karatu da albashi ko babu albashi, rage awannin aiki, da tallafin karatu. In kamfani zai biya, za a ɗaure ka da yarjejeniyar yin wasu shekaru bayan kammalawa. Ka tabbata ta fayyace a wane matsayi za ka yi su. In ba ta ce sashen shari'a ba, za ka dawo da lasisi a aljihu ka ci gaba da tsohon aikinka har wa'adin ya cika.

Kada ka miƙa takardar ajiye aiki sai ka riƙe takardar gurbi a hannu, ka kuma ga ranar fara karatu. Yin akasin haka sakin reshe ne kama ganye. Ka ba da wa'adin da kwantiraginka ya tanada, ka rabu da su lafiya, don za a buƙaci shaidarsu a kanka nan gaba.

6. Neman gurbi

Ka nemi makarantu aƙalla uku daga jerin hukumar. Inda ake jarrabawar shiga, kamar LSAT a Amurka mai maki daga 120 zuwa 180, ka yi atisaye da agogo a gabanka, don wanda ya daɗe da barin aji lokaci ne ke fara kayar da shi. Inda ake rubuta bayanin kai, kada ka ce tun kana yaro kake mafarkin zama lauya. Ka ba da labarin lamari ɗaya da ya faru a ofishinka, ba suna, ka nuna inda iyakar saninka ta tsaya.

7. Sake koyon karatu, da sake koyon tunani

Abin mamaki na farko: dokar ƙwadago da ta kawo ka ƙaramin yanki ce, a jami'o'i da yawa ma darasin zaɓi ce. Sai ka ratsa dokar kwantiragi, laifuka, filaye, tsarin mulki, shaida, da dokar cutarwa da diyya. Ka rungume su. Kwantiragi da shaida musamman, su ne ƙashin bayan kowace shari'ar sallama.

Na biyu ya fi wuya. Shekarunka a kula da ma'aikata sun koya maka lallashi, raba gardama, da neman abin da kowa zai iya haɗiyewa. A takardar jarrabawar shari'a wannan hali ba ya kawo maki. Na taɓa cika shafi biyu ina bayanin abin da ya dace kamfani ya yi don a zauna lafiya, malamin ya ja layi a gefe ya rubuta kalma biyu: "Wace doka?"

Tsarin amsa da ake koyarwa kusan ko'ina hawa huɗu ne. Mene ne abin da ake jayayya a kai? Wace doka ko wane hukuncin kotu ya shafe shi? Yaya dokar ta hau kan abin da ya faru? Mene ne matsayarka? Ɗauki direban nan nawa. Jayayyar ita ce ko sallamar ta halatta alhali ba a ji ta bakinsa ba. Dokar ita ce abin da kwantiraginsa da dokar ƙasar da hukunce-hukuncen baya suka ce game da ba ma'aikaci damar kare kansa. Ɗora ta a kan fayil: kwana tara na fashi tabbas ne, amma ba tuhuma, ba amsa, ba zaman kwamitin ladabtarwa. Sannan ka faɗi wanda zai yi nasara da dalilinka, ba kwana-kwana. Hawa na uku nan maki yake, kuma nan ne ɗalibai ke tsallakewa.

Ka riƙa karanta hukunci da kansa, ba taƙaitawar wani kawai ba. Ga kowane hukunci ka ware kati ɗaya: kotu da shekara, abin da ya faru a layi uku, dalilin da hukuncin ya rataya a kai. Ka keɓe awa biyu da ba sa canzawa a kullum. Asuba ta fi mini dare, don bayan aiki ƙwaƙwalwa ta riga ta yi laushi. Ka shiga rukunin nazari da matasan ajin. Sun fi ka haddar sauri, kai ka fi su sanin yadda kwantiragi ke warwarewa a zahiri. Kuma in malami sa'an ƙaninka ya gyara ka a gaban aji, ka karɓa, "a ofishinmu ba haka muke yi ba" ba hujja ba ce.

Hattara da manhajojin ƙirƙirarriyar basira wajen neman hukunce-hukunce. Sukan ƙago sunan shari'ar da ba a taɓa yi ba, kuma kotuna sun hukunta lauyoyi a kan haka. Duk hukuncin da ba ka gan shi a kundin rahoton kotu ba, kada ka rubuta shi.

8. Tara ƙwarewar shari'a tun kana ɗalibi

In har yanzu kana aiki, ka roƙi lauyan kamfani ya riƙa jawo ka: daftarin kwantiragin aiki, shirya takardun shari'a, zaman sulhu da ƙungiyar ƙwadago, binciken ƙorafin cin zarafi. Ka buɗe littafi ka riƙa rubuta kwanan wata, irin aikin, da lauyan da ya duba shi. A tsarin SQE wannan na iya shiga cikin shekara 2 ɗin nan, amma sai in aikin na shari'a ne da gaske kuma solisita ya tabbatar da shi. Biyan albashi da shirya tantance masu neman aiki ba sa ciki. Lokacin hutu ka je sanin makamar aiki a ofishin lauyoyi, ko asibitin shari'a na jami'arku inda ɗalibai ke taimaka wa marasa galihu.

Hattara biyu. Kada ka kwafi fayil ɗin ma'aikata don nuna ƙwarewarka, amana ce. Kuma kada ka karɓi kuɗi ka ba da shawara a matsayin lauya kafin lasisi. Laifi ne a ƙasashe da yawa, yana kuma iya hana ka lasisin gaba ɗaya.

9. Jarrabawar lasisi da tantance hali

Makonnin ƙarshe ba a haɗa su da aiki, ka tanadi hutunka na shekara dominsu. Ka san ƙa'idar maimaici kafin ka zauna: a SQE dama uku ce cikin shekara 6, a Amurka ana zama sau biyu a shekara, Fabrairu da Yuli. A Najeriya darussa biyar ne: shari'ar farar hula, shari'ar laifuka, dokar kadarori, dokar kamfanoni, da ɗa'ar aikin lauya, tare da zaman koyo a kotu da ofishin lauya. Kada ka raina darasin ɗa'a don ya yi kama da abin da ka saba koya wa ma'aikata.

Za a kuma tambaye ka tarihinka: tuhuma, hukuncin kotu, kora daga aiki, bashin da ya kai ga shari'a. Mai shekara 40 ya fi ɗan 23 abin faɗa. Ka faɗi komai ka haɗa da bayani. Hukumomin nan sun fi tsananta wa wanda ya ɓoye a kan wanda ya bayyana.

10. Aikin farko

Ka shiga ta ƙofar da shekarunka ke da daraja: ofisoshin lauyoyi masu shari'o'in ƙwadago, sashen shari'a na kamfanoni, ƙungiyoyin ƙwadago, fansho, da sasanci. Ka san fagen ƙasarka: a Najeriya gyaran tsarin mulki na 2010, sashe na 254C, ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin shari'o'in ƙwadago ita kaɗai, a Birtaniya yawancin ƙorafe-ƙorafe sai sun bi ta hukumar sasanci ta Acas kafin kotun ma'aikata, a Amurka ƙorafin wariya a wurin aiki yakan fara daga EEOC, hukumar tabbatar da daidaito a wurin aiki. Ka karanta yarjejeniyoyin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, musamman ta 158 ta 1982 a kan sallama da ta 190 ta 2019 a kan cin zarafi a wurin aiki, ka kuma duba waɗanda ƙasarka ta rattaba wa hannu.

Ka sake rubuta takardar tarihin aikinka da idon lauya. "Na jagoranci sashe" ba ya gaya masa komai. Ka rubuta yawan binciken ladabtarwa da ka gudanar, kwantiragin da ka tsara, zaman ciniki da ƙungiyar ma'aikata da ka halarta. A hira ka faɗa da bakinka cewa ka yarda ka fara daga ƙasa, domin abin da ke zuciyar mai ɗaukar ka ke nan: shin tsohon manaja zai ɗauki fayil ya bi yaro kotu?

Gargaɗi na ƙarshe ya shafi tsohon wurin aikinka. Da an ji ka zama lauya, ma'aikatan da ka sani za su fara kiran ka a kan sallama da haƙƙoƙinsu, wasu ma kai ka sa hannu a takardunsu. Kada ka karɓi irin wannan shari'a. Ka san sirrin ɗaya ɓangaren, kuma ana iya kiran ka shaida a cikinta. Ka sanar da shugaban ofishinku sunayen kamfanonin da ka yi wa aiki tun ranar farko, masu kiran kuma ka haɗa su da wani lauya.